Tsohuwar Hausar Baba Maliki

Ranar Asabar ɗin da ƙanena Umair ya sauko daga hafilar Wad Madani, wato motar bas, jakar littattafansa ta fi ta kayan sawarsa nauyi, kuma abin da ya fara faɗa mini bayan gaisuwa shi ne, "Yaya Dije, don Allah kwana goma nake so, kada kowa ya kira ni daktor." Na ce to, ranka ya daɗe. Kafin ya gama wanke ƙafa mata uku sun yi sallama, ɗaya da ciwon gwiwa, ɗaya da jikanta mai tari, ta ukun kuma ta ce ita kallonsa kawai ta zo yi.

Karatun imtihan ya kawo shi gida. Shekara shida yana koyon tiyatar ƙwaƙwalwa, saura jarrabawar ƙarshe a Khartum, wadda manyan likitoci ke zaunar da mutum a gabansu su yi ta jefa masa tambaya da baki. Bara ya shiga ya faɗi. Wai ba don bai sani ba, harshensa ne ya maƙale. Ni dai ba na wurin, abin da ya ce ke nan.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Babanmu Maliki shi ne samad na hillarmu, ƙauyen namu, shekara ashirin da bakwai, wato shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa, shi ke cewa yau hawashar wane, gonarsa ke nan, za ta sha, gobe ta wane. Gonaki arba'in da ɗaya, bai taɓa rubuta layinsu a takarda ba, duk a kansa suke. To a cikin watan nan sau biyu ya rikita layin. Alkamar Mahadi ta yi kwana huɗu da ƙishi, ta maƙwabcinsa kuma ta sha har ta yi rawaya. Maza suka fara ƙus-ƙus a bakin masallaci. Daga nan Baffa Abdussalami, ɗan ƙanen kakanmu, ya tako har gida ya faɗa mini a tsakar gida, Baba na zaune a kan angarib ɗinsa, gadon igiya, taku uku daga inda muke: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a karɓi mabuɗin a gaban jama'a.

"Tsufa ne, ɗiyata," in ji shi. "Ya ruɗe. Ba abin kunya ba ne."

Ba abin kunya ba ne! A hillarmu in aka ce dattijo ya ruɗe, shi ke nan an naɗe tabarmarsa. Ba a ƙara zuwa neman shawararsa, ba a tura shi neman aure, in ya yi magana sai a ce "to, Baba" a ci gaba da hira. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin tur'a, babbar hanyar ruwanmu, har jakuna ke natsuwa! Na ce da Baffa ya sha shayinsa kada ya huce. Yadda na ajiye kofin ya isa ya gane.

Saboda haka ban bar Umair ya buɗe jaka ba sai da na ja shi gefe. Na ce Baba na yawan ciwon kai, yana gyangyaɗi da hantsi, ya rikita ruwa sau biyu, ga kuma abin da aka shirya ranar Juma'a. Ya ce bari ya gani. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya kama gaisuwa da Larabci, irin doguwar nan tamu da ba ta ƙarewa.

"Kef halak, Baba?"

"Alhamdulillah."

"Shadid?"

"Shadid, Allah yibarik fik."

"Ma fi awaja?"

"Ma fi awaja."

Suka yi ta yi har na gaji da tsayuwa. Ya taɓa jijiyar hannunsa, ya leƙa idonsa, ya dawo wurina yana murmushi. "Yaya, ras yake. Shekara saba'in da huɗu fa. Ɗan mantuwa dole ne."

Na ce, "Wannan gaisuwar, ko cikin barci ka yi wa mutumin Gezira ita zai amsa maka. Shekara shida abin da aka koya maka ke nan?"

Ya yi dariya ya tafi ya shimfiɗa littattafansa a rakuba, rumfar da ke bayan ɗaki.

Yanzu bari in faɗi laifina, don ina da shi. Akwai abin da ban gaya wa Umair ba, ban gaya wa kowa ba. Kusan wata guda ke nan Baba yana kiran abubuwa da sunan da ba nasu ba. Ba kullum ba, wani yini lafiya lau, wani yini sai ya ce, "Dije, miƙo mani bauna in yi alwala." Buta yake nufi. Ko ya ce, "Ina takandata?" yana dube-duben takalminsa. Mabuɗin ruwan nan kuwa ya koma maburgi, abin da nake kaɗa miya da shi. Ranar farko na yi dariya. Rana ta uku dariyar ta ɗauke. Na san in maganar nan ta fita waje ba sai an jira Juma'a ba. Sai na koyi abu ɗaya: in ya ce bauna, in miƙa buta da sauri, fuskata ko gezau, kamar tun ina goye haka ake faɗa a gidanmu. Na ƙware har ni kaina na fara mantawa da cewa wani abu ne.

Shi kuma Umair, Allah sarki, Hausarsa ba ta da ƙashi. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi makarantar kwana a Madani, daga nan jami'a, daga nan asibiti. Larabci yake mafarki da shi, Turanci yake karatu da shi, Hausa kuwa sai in zai roƙi ƙarin abinci. In ya yi magana tsofaffi su ce, "Balarabenmu ya iso." Yana dariya, amma na san abin na yi masa ciwo tun yana yaro.

Ranar Lahadi ya ce in zama masa farfesa. Ya ce in ya iya fahimtar da ni, to zai iya fahimtar da kowa a Khartum. Na ce na gode da wannan yabo. Na ɗauko kujera, na ɗaura mayafi a kafaɗa, na ce sharaɗina ɗaya, da Hausa zai amsa.

"Yaya, ai babu kalmomin a Hausa."

"Ka nemo su. Mene ne a cikin ƙoƙon kai?"

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce abu uku ne kawai, ƙwaƙwalwa, jini, da wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki. Ƙoƙon kuma rufaffe ne, ba ya buɗewa ba ya miƙewa, don haka in baƙo na huɗu ya shigo, ko ƙari ko gudan jini, dole ɗaya daga cikin masu gida ya matse. Wannan na gane, don na taɓa shiga hafilar garin Hajj Abdalla ranar kasuwa.

"Ƙwaƙwalwar a tsirara take zaune?"

"A'a, uwaye uku suka lulluɓe ta."

"Uwaye?"

Ya ce haka sunansu yake a littafi. Ta waje mai kauri, wadda ke manne da ƙashi, sunanta uwa mai tauri. Ta can ciki, siririya mai bin kowane lungu na ƙwaƙwalwa, sunanta uwa mai tausayi. Ta tsakiyarsu kuma ana ce mata ta gizo-gizo, don saƙarta.

Na ce, "To ai na san su. Mai taurin ni ce, mai tausayin marigayiya Inna, ta gizo-gizon kuma matar Baffa Abdussalami, wadda ba a shiga gidanta a fito ba a maƙale ba."

Ya yi dariya har littafi ya faɗo daga cinyarsa. Ya ce in ya tuna wannan a gaban farfesoshi ya shiga uku. Muka ci gaba. Ya lissafa mini jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga kai, ta shaƙar ƙamshi, ta gani, masu juya ido, ta taunar abinci, har da wata mai yawon banza da ke sauka ciki. Ya ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tuƙa hannun dama da ƙafar dama, na dama kuma ya tuƙa hagu. Na ce wane ne ya tsara wannan aikin na giciye, ya ce in tambayi Mai tsarawa. Da ya rasa kalma sai ya faɗa Larabci, in buga cokali a tire, ya dawo. Wallahi yaron ya san abinsa. Ina kallonsa ina jin daɗi, ina kuma jin haushi, ga ilimi har ilimi a rakuba, ga ubansa can yana gyangyaɗi da rana tsaka.

Abin da ban mai da hankali a kansa ba shi ne wani ƙaramin littafi da yake ajiyewa a aljihun jallabiyarsa. In muna zaune da Baba, Baba ya yi magana, na miƙa abin da ake nema, sai in ga Umair ya ciro shi ya ɗan yi rubutu. Na ɗauka na imtihan ne.

Ranar Talata da hantsi muka je gaida Gwaggo Yalwa, yayar Baba. Ta haura tamanin, haƙoranta huɗu, amma harshenta ko reza. Ita ce ma'ajiyar Hausar hillarmu, ta ji ta daga bakin kakarta wadda ta tako da ƙafa daga ƙasar Sakkwato za ta Makka, tafiyar da ta ƙare a bakin kogin nan. Muka sha jabana, gahawarmu, ta tsokani Umair a kan rashin aure, ta tsokane shi a kan tumbi. Da muka tashi tafiya sai lokacin salla ya gabato. Umair ya gyara murya, ya dube ta yana wani ƙasaita, ya ce:

"Gwaggo, a taimaka mani da bauna in yi alwala."

Gwaggo ta ajiye kofi. "Mi kac ce?"

"Bauna. Kuma ina na ajiye takandata? A bakin ƙofa na tuɓe ta."

Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, sai ta kece da dariya har tana buga ƙafa a ƙasa. "Wayyo cikina! Bauna! Wanga yaro saniyar daji za shi yi alwala da ita! Ku taho ku ji Balarabe! Takanda kuma a ƙafa kake saka ta? Mu dai shan ta muka sani!"

Umair ya ɗan tsuke fuska, amma bai karaya ba. Ya ciro littafin nan ya buɗe, ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, tsohuwar Hausa ce, ta Sakkwato. Wataƙila kin manta. Wajen Baba na ji." Ya karanto mata. Bauna, buta. Takanda, takalmi. Maburgi, mabuɗi. Akwai wasu huɗu da ni ma na manta Baba ya faɗe su. Kwana uku yana tara su ɗaya bayan ɗaya, yana murna zai ba tsofaffi mamaki.

"Ni in manta?" in ji Gwaggo. "Ni na goyi Maliki. Babu wagga Hausa a Sakkwato, babu ta ko'ina. In Maliki na faɗin haka, to ba lafiya ba."

Umair ya juyo gare ni. "Amma Yaya, da ya ce bauna, buta kika kawo. Ina gani. Ko ɗaga kai ba ki yi ba."

Ban san sanda hawaye ya zo ba, ni da ba na kuka a gaban mutane. Na ce, "To me kake so in yi? In kawo masa saniyar daji? In tsaya ina gyara masa magana a gaban Baffa Abdussalami? Rufa masa asiri nake yi!"

"Tun yaushe?"

"Wata guda."

Na ga fuskarsa ta canza. Ba fuskar ƙanena ba ce, wata ce da ban taɓa gani ba. Ya zauna a bakin gadon Gwaggo ya ce da Larabci, a hankali, kamar yana karanta wa kansa, magana a ɓangaren hagu take zaune. Gaisuwa da addu'a da abin da baki ya haddace suna iya fita sumul ko da wurin ya taɓu, amma sunan abu, a nan ake kama shi. "Ni kuma na tsaya ina yi masa kef halak." Ya dafe kai. Sai ya ɗago. "Yaya, ya taɓa buga kansa? Ba lallai babban bugu ba. Wata ɗaya, wata biyu da suka wuce."

Na ce a'a. Sai na ce tsaya. Kafin a shuka alkama mun je kasuwar Hajj Abdalla ni da shi, da zai fito daga raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya ƙwala kansa da ƙarfen rufin, har rawaninsa ya faɗi. Ya zagi ƙarfen, ya zagi wanda ya ƙera shi, mai raksha ya ba shi haƙuri, muka yi dariya muka shiga kasuwa. Ko ƙulu bai yi ba.

"Sati nawa?"

Na ƙirga da yatsu. "Bakwai."

Ban taɓa ganin mai tumbi ya yi gudu irin na ranar ba. Ya bar takalminsa a ƙofar Gwaggo, ni na kwaso masa.

Mun tarar da Baba a kan angarib, idonsa biyu. Umair ya durƙusa, ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi. Ya ɗaga cokali ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Baba ya dube shi, ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Na... na sha." Ya nuna masa agogo. Baba ya ce, "Rana," ya kau da kai, na ga haushi a fuskarsa. Sai Umair ya ce, "Baba, mu yi addu'a. Ɗaga hannuwanka haka, miƙe su sosai, tafin yana kallon sama. Rufe ido."

Baba ya ɗaga. Umair ya ce da ni in kalli hannuwan kawai. Na kalla. Na hagu ya tsaya cak. Na daman kuwa, a hankali a hankali, tafin ya fara juyawa ciki, hannun yana sauka kamar wanda barci ke ɗauka, Baba bai ma sani ba. Sau nawa na ga wannan bayan sallar la'asar, na ce gajiya ce.

Na ja Umair waje. Na ce, "To, farfesa na tambaya. Mene ne? Kuma kada harshenka ya maƙale mini."

Bai maƙale ba. Ya ce in mutum ya tsufa ƙwaƙwalwarsa na ɗan janyewa daga ƙoƙo, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsallakawa daga ita zuwa uwa mai tauri sai su miƙe kamar igiyar shanya. Ɗan bugu kaɗan ya isa ɗaya ta tsage. Jinin ba ya zuba da ƙarfi, tsatsafowa yake yi, ya taru a ƙarƙashin uwa mai tauri sati da sati, yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum ya yi ciwon kai, ya yi gyangyaɗi, yau garau gobe a rikice, har a ce tsufa ne. In a hagu ya taru, sai hannun dama ya yi rauni, magana ta karkace.

"Ana warkewa?"

"In hoto ya nuna shi ne, huji biyu ake yi a ƙoƙo, a wanke shi. Yana cikin ayyukan da suka fi sauƙi a wurinmu. In an bar shi kuma..." Bai ƙarasa ba, ban kuma nemi ya ƙarasa ba.

Motar Mahadi muka samu, mai alkamar nan da ta sha ƙishi. Da na ga ya fito da ita da sauri har yana shimfiɗa wa Baba bargo a baya, sai na yafe masa rabin abin da ya faɗa a bakin masallaci. Kafin la'asar muna Madani. Aka saka Baba cikin na'urar hoton kai, aka fito da wani baƙin faifai aka manna a jikin fitila. Umair ya nuna mini. Ni ban san komai ba, amma na ga abin da idona: a gefen hagu, tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, ga wani abu kwance kamar jinjirin wata, ya tura komai gefe guda.

Ba shi ya yi aikin ba, ba a barin mutum ya huda kan ubansa. Wani malaminsa ne, dattijo mai furfura da ba ya son surutu, ya yi shi ranar Laraba da safe, Umair na tsaye a gefe. Malamin ya tambaye shi yadda aka yi likitan ƙwaƙwalwa ya kwana uku gida ɗaya da mai wannan ciwon bai gani ba. Umair ya faɗa masa gaskiya, har littafin ya nuna masa. Wai sai kafaɗun dattijon suka fara rawa, ya juya baya don kada ma'aikata su ga yana dariya. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Umair ya fito ya ce abin da ya fito baƙi ne kamar tsohon man tarakta, kuma yana gani ƙwaƙwalwar ta fara tasowa tana komawa mazauninta.

Yinin Laraba Baba barci ya yi, an hana shi ɗaga kai, ga wani siririn tiyo yana fita daga cikin bandeji. Ranar Alhamis ya nemi shayi, ya kuma ce shayi. Na kusa yin guɗa a cikin asibiti. Da azahar ya ce ma'aikaciyar da ke canza masa ruwa hannunta ya cika nauyi, ita ba ta jin Hausa, ta ce "Afwan, ya Hajj," ta yi masa murmushi.

Ranar Juma'a bayan salla sai ga su. Baffa Abdussalami, Mahadi, da wasu dattawa uku, sun cika ɗakin da ƙamshin turare da sallama. Dubiya suka zo, haka suka ce. Amma na ga yadda Baffa ke magana da ƙarfi yana rarraba kalmomi, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

"Yaya Maliki! Ka... gane... ni?"

Baba ya dube shi daga kwance, kansa naɗe da farin bandeji.

"Abdussalami, kunnena aka huda ko kaina? Rage murya." Ya juya ido ga Mahadi. "Yau Juma'a. Ruwa na hawashar wa?"

Mahadi ya ce sun buɗe wa gidan Bilyamin.

"Bilyamin sai Litinin. Yau na Jibirin ne, daga shi sai ɗiyan Ɗan'auta, sannan kai, don na cuce ka kwana huɗu, sai a fara rama maka. Wa ya ce ku tsallake mutum uku?" Ya kama layin nan daga bakin tur'a har ƙarshen gonaki, suna bayan suna, arba'in da ɗaya, ina ƙirgawa a zuci. A na talatin da wani abu ya ɗan tsaya, ashe numfashi yake ja. Da ya gama, Baffa Abdussalami ya sa hannu a aljihu, ya ciro mabuɗin da ya karɓa a wurina ranar Talata wai don riƙon ƙwarya, ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya tura shi ƙarƙashin matashin Baba. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Na ce amin da ƙarfin da ya fi na kowa, na kuma raka su har bakin ƙofa don in tabbatar sun tafi.

Umair ya bi su zai nuna musu hanyar fita. Da yamma zai wuce Khartum, saura masa kwana huɗu, ya ce ko ya ci ko ya faɗi ba zai ƙara duba mara lafiya da gaisuwa ba. Na dawo ɗakin ina ta zuba, ina kwaikwayon muryar Baffa, ina cewa ka ga fuskarsa kuwa, Baba? Baba bai yi dariya ba. Ya ce in zauna.

"Dije, randa Abdussalami ya zo gida, na ji shi."

Na ce, "Wace rana?"

"Randa ya ce Juma'a. Na ji duka. Ku kuna magana bisa kaina, ni ina nan ciki, ina sane. In nemi kalma, ina ganinta, in miƙa hannu sai wata ta taho. Na so in ce maku ban ruɗe ba, na ji tsoron abin da za shi fito." Ya kalli silin. "Ni ma na ɗauka haukan ne ya zo. Tun daga rannan, kowace salla abu guda nake roƙo. Allah Ya ɗauke ni kafin Juma'a."

Na so in yi masa faɗa, in ce wane irin roƙo ne wannan, wa ka so ka bar wa mu. Sai kawai na kama hannunsa na riƙe, ya matse nawa.

"To ga Juma'ar ta zo," na ce da ƙyar.

"Ta zo," in ji shi.

Na fita baranda na jingina da bango na yi kukana har ya ishe ni, mutane na wucewa suna cewa Allah ya ji ƙansa. Ban tsaya gyara musu ba. Na share fuska da mayafi, na sauka ƙasa wurin mai shayi, na ce ta zuba guda biyu, na Baba kada ta cika sukari.